Wanzamin Mussa na Ƙofar Taramniya

Matso kusa, samu gefen tabarmar nan ka zauna, ka ba ni kunnenka. Mutumin da za ka ji labarinsa yau bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa mallakar ko keke ba. Wanzami ne da aka yi a Ƙofar Taramniya, cikin birnin Sakkwato, sunansa Siddiƙu. Amma in ka shiga unguwar ka ce Siddiƙu kake nema, sai a ce maka wanne daga ciki? In kuwa ka ce Wanzamin Mussa, kafin ka rufe baki an nuna maka inda rumfarsa take. Mussa dai ita ce abin da Kanawa ke kira kyanwa ko mage. Yadda aka yi wanzami ɗan wanzami jikan wanzami ya ƙare da sunan mussa, shi ne labarin.

Siddiƙu dogo ne siriri, marar yawan magana, mai sauƙin hannu. In ya ɗora maka aska a ka, sai dai ka ji iska na kaɗa ƙeyarka kafin ka san an fara. Aski, ƙaho, cire beli, kaciya, sakiyar maruru, duk a hannun mahaifinsa ya koya. Zabirar da yake ratayawa ma, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba kayan aiki, ta mahaifin ce. Rumfarsa ta zana ce a gindin wani dogonyaro, da tabarma, da tulun ruwa, da dutsen washi wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda daɗewa.

Zamanin kuwa zamanin kuɗin mai ne, mulki yana hannun soja, ana sanar da korar ma'aikata ta rediyo. Ma'aikata sun karɓi ƙarin albashin nan na Udoji, gari ya cika da babura da rediyo mai kaset, samari sun tara suma buzu-buzu sun ce ita ce yayi. Masu son a rage musu kuma sai su nufi sababbin shagunan aski masu madubi da kujera mai juyawa. Rumfar Siddiƙu ta rage daga dattawa sai 'yan kasuwa, sai gidajen suna da ake kiransa askin jariri. Bai taɓa kuka da wannan ba. Abin da ya riƙe shi ne sunansa, don duk unguwar an yarda abin da askar Siddiƙu ta taɓa, da ikon Allah sai ya warke.

Mussar kuwa a sito aka haife ta, siton hatsin Abdulwahabu, wani ɗan kasuwa mai tumbi da dariya wanda tare aka yi musu kaciya da Siddiƙu suna yara, saboda haka babu abin da ba ya iya gaya masa. Tana 'yar ƙarama ta biyo ƙamshin naman suna da aka ba wanzami, ta raka shi har gida, ta ƙi komawa. A lokacin ɓeraye sun addabi zabira, sun riga sun cinye mata kusurwa guda. Tun daga zuwan mussar nan ɓera bai sake kusantar ta ba.

Fara ce, da baƙaƙen layuka uku a dantsenta na dama, kamar igiyar soja. Ga ta da wata irin tafiya, ta bi layin masu jiran aski tana shinshina ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba fareti. Shi ya sa aka sa mata Saja. Duk safiya tana gaba Siddiƙu yana baya har rumfa. Wanda za a kafa wa ƙaho in ya tsorata, sai ta hau cinyarsa ta kwanta, ya shagala da shafa ta har a gama. A buta ɗaya suke shan ruwa, ya yi alwala da ragowar. 'Ya'yansa mata duk sun yi aure sun tafi, gida ya rage daga shi sai matarsa Balaraba sai Saja, sai kuma wani farin rago da Balaraba ke kiwatawa tun yana ɗan ƙarami saboda layya.

Ana saura 'yan makonni Babbar Salla, Siddiƙu ya lura Saja ta daina tsalle kan katanga, tana yawan lasar cikinta. Wani hantsi kafin ya fita ya kama ta ya juya ta, sai ga ƙulli a gefen nononta, ya kai goriba ƙarama. Bai damu ba. Ƙari nawa ya cire a jikin mutane? Ya ɗauko ƙaramar aska ya wasa, ya ce wa Balaraba ta zo ta riƙe masa ita.

Balaraba ta zo tana mita, don ita da Saja ba sa ga-maciji tun ranar da ta same ta da kai cikin ƙwaryar man shanu. Ta danne ta da zane. Siddiƙu ya ɗora yatsu biyu a kan ƙullin ya murza, kamar yadda ya saba kafin ya tsaga. Ƙullin bai motsa ba. Ya sake murzawa. Tauri ne da shi kamar dutse, ga shi ya kama naman da ke ƙarƙashi ya riƙe, a bayansa kuma akwai wasu ƙanana kamar ƙwayar dawa sun jeru.

Ya ajiye askar a kan tabarma.

"Malam, mi kaka jira? Tana yagun hannuna hwa!"

"Sake ta."

"In sake ta? Kai da kaw wasa aska?"

"Wanga ba ƙari na ba, Balaraba. Daji na."

Abin da mahaifinsa ya hore shi da shi tun yana riƙe masa zabira shi ne, komai ana tsagawa ban da daji. Ciwon daji ba ya son ƙarfe, in aska ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wanzamin kirki in ya gane shi, sai ya mayar da askarsa kube, ya ba da saiwa da addu'a, ya bar wa Allah. Haka kakansa ya yi, haka mahaifinsa ya yi, shi ma bai taɓa ƙetare wannan ba.

Ya jiƙa saiwa ya shafa mata, ta lashe. Ya ɗaura tsumma, ta kwance. Ƙullin kuwa sai ƙara sheƙi yake yi.

Ranar Asabar sai ga Habila. Habila likitan dabbobi ne na gwamnati, mutumin ƙasar Jos, yana zaune a unguwar Gawon Nama. Kowace Asabar yakan zo da babur ɗinsa a gyara masa fuska saboda zuwa coci ran Lahadi, ya ce reza ba ta yi masa abin da aska ke yi. Yana zaune kumfa a haɓa, ya ga Saja kwance a inuwa ba ta tashi duba fareti ba.

"Baba Wanzam, Sajanka ya yi ritaya ne? Ko shi ma an kore shi a rediyo?"

Siddiƙu bai yi dariya ba. Da ya gama aski ya ɗauko ta ya miƙa masa. Habila ya daɗe yana lalubawa, har ƙarƙashin hammatarta, sannan ya ce, "Ka san abin da yake, ko?"

"Na sani."

"Ana iya cirewa. Amma ba ƙullin kaɗai ba, duk layin nonon gefen nan za a ɗauke, a yi nisa da shi ta ko'ina."

"Da ƙarhe?"

"Da ƙarfe mana, Baba. Da me kake so in yanka, da kara?"

"Ubana yac ce ƙarhe na husata shi."

Habila ya ce, "In aka tsaga tsakiyarsa aka bar saura, gaskiyar mahaifinka ne, ya fi muni. Mu kewaye shi muke yi, kuma tana barci ba ta jin komai. Amma ba zan ɓoye maka ba. Tana iya ƙin farkawa daga maganin barcin. In ta farka, wataƙila ta samu shekara, wataƙila biyu, wataƙila ya dawo da wuri. In an bar shi kuma, kafin damina zai fashe ya yi wari, ta daina ci."

"To nawa?"

Nan Habila ya sosa ƙeya. Ya ce maganin da ke cikin kabad ɗin ofishinsu na shanu ne da dawaki da raƙuma, kuma lissafaffe ne. A wannan shekara da sojoji ke korar ma'aikata ta rediyo, in ya taɓa kwalba guda saboda mussa, gobe da safe matarsa za ta ji sunansa tana dama koko. Aikin hannunsa ba zai karɓi ko kwabo ba, zai kuma nemi izinin ɗakin aiki a wurin shugabansa. Amma maganin barci, da zaren ɗinki, da alluran da za a yi ta yi mata bayan aiki, sai an sayo daga Kaduna. Ya faɗi abin da za su ci. Da jin adadin Siddiƙu ya san me ya yi daidai da shi a gidansa: farin ragon nan na Balaraba.

Kafin la'asar magana ta kai siton Abdulwahabu. Ya taso da kansa, yana tafe yana dariya, ya zube a tabarma.

"Siddiƙu, gaskiya na abin da nij ji? Likitan shanu za ya yi ma mussa tiyata?"

"Ban ce ba tukuna."

"Kai, tsaya in gaya ma. Ɗiyan mussa na nan cikin sito suna hawan buhunna, zo ka zaɓi ukku, har da kwando in ba ka. In igiya ukku kaka so a dantse, mu zana mata da shuni."

Masu jiran aski suka fashe da dariya. Abdulwahabu ya bari ta lafa, sannan ya matso ya rage murya, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Bar batun rago. Kai wanzami na. Ran da anka gan ka ɗauke da ciwo za ka wurin wani mai wuƙa, mi za a ce? A ce Siddiƙu bai yarda da aska tai ba. Wa za ya kawo ma ɗa nai kaciya bayan wannan? Ga masu madubi sun kwashe samari. Abin da yar rage ma, shi za ka ba mussa?"

Wannan ita ce maganar da ta zauna masa a ƙirji. Kwanakin da suka biyo baya yana aski yana aunawa. In ya bar ta, babu mai zarginsa, ya bi abin da ya gada, ga ragonsa, ga sunansa. In ya kai ta, ya yi Salla babu layya a karon farko tun da ya yi aure, ya nuna wa duniya akwai yankan da ya fi ƙarfinsa, ya saɓa wa horon mahaifinsa, kuma duk da haka tana iya mutuwa a kan tebur. Ya tuntuɓi limamin masallacinsu, liman ya ce layya tana kan mai hali, tausayin dabba kuma yana da lada, sauran kuwa tsakaninsa da zuciyarsa. Ya dawo yadda ya tafi.

Ita kuwa Saja ba ta san ana wannan shawara ba. Kullum safiya sai ta ja jiki ta bi shi rumfa, tana tafiya tana hutawa, shi kuma yana rage sauri kamar takalminsa ne ke damunsa. Wata safiya ta kasa ƙarasawa, ta kwanta a tsakiyar lungu tana kallonsa. Ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauke ta ya ɗora a kan zabira, a daidai kusurwar nan da ɓera ya ci, wadda ya ɗinke da hannunsa. Ranar bai yi aski da yawa ba.

Da ya koma gida ya tarar da Balaraba tana ba rago dusa. Ya tsaya yana kame-kame, ya yaba ƙahon ragon, ya yaba ƙibarsa.

"Malam, hwaɗi abin da kaz zo hwaɗi. Ragon ga bai san yabo ba."

"Ke kinka sha wahala tai. Ba ni iya taɓa shi sai kin yarda."

"Ragon da nika ba ruwan kanwa da hannuna? Don ɓarauniyar man shanu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba da zuba dusa. Washegari ya dawo daga sallar asuba ya tarar da ragon a zaure, an goge shi fes, igiyarsa a hannun Balaraba. Ta miƙa masa.

"Ba don ita ba. Na gaji da ganin tuwona shina komawa kamar yadda nik kawo shi. Kuma kada ka bari 'yan kara su cuce ka, ya hi dut ragunan unguwag ga."

Ya ja shi zuwa kara, kasuwar dabbobi, ya sayar. Habila ya aika da kuɗin ta hannun wani direba, magani ya iso. Da ya zo gaya masa ranar aiki, sai ya ce, "Baba, na san matsayinka a unguwa. Ka sa ta a buhu, in zo in ɗauke ta a babur da sassafe, ba wanda zai sani."

Siddiƙu ya dube shi ya ce, "Likita, abin kunya aka ɓoyewa. In abin kunya na, ba ni yin shi. In ba shi na ba, da ƙahwata za ni kawo ta."

Ranar ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, ya rataya zabira, ya shimfiɗa tsumma a kwandon kaji ya sa Saja, ya rungume. Bai bi ta lungu ba, ta bakin kasuwa ya bi, lokacin da ake buɗe rumfuna.

"Wanzam, ina za a kai amarya?"

"Asibiti!" in ji shi, da ƙarfi yadda na nesa zai ji.

"Askar ta dakushe ta?"

"Zo in gwada a ƙeyarka ka ji."

Abdulwahabu ya fito ƙofar sito, ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar abokinsa, sai kawai ya ce, "Allah shi ba ta lahiya." Amma yana wucewa ya ɗaga murya: "Jama'a, ku ba Wanzamin Mussa hanya!" Daga nan sunan ya samo asali.

A asibitin dabbobi ya tarar da Fulani da shanunsu, da wani Buzu da raƙuminsa mai ƙurji. Suka leƙa kwando, suka dubi juna suna dariya. Habila ya shigar da shi ɗaki, ya yi wa Saja allura, ta yi laƙwas. Ya ɗauko reza zai aske gashin cikin, sai Siddiƙu ya ɗaga hannu.

"Likita, aski nawa na. Yanka naka."

Habila ya matsa masa. Siddiƙu ya buɗe zabira, ya zaro askar da yake yi wa jarirai askin suna, ya tsoma ta cikin ruwan maganin da aka nuna masa, ya yi bisimilla. Ya aske cikin nan tas, ya kewaye ƙullin a hankali, bakin askar bai ko shafe shi ba. Ya goge ta ya mayar kube, ya ja da baya.

Habila ya ce ya fita ya jira a waje. Siddiƙu ya ce shi da ya ga jini tun kafin a haifi Likita? Ba inda za shi. To, wuƙa na sauka, ya ga tsawon da aka tsaga, sai ɗakin ya fara juya masa. Mutumin da ya yi wa rabin mazan Ƙofar Taramniya kaciya, sai ga shi ya juya baya ya dafa bango yana salati. A haka ya tsaya har aka gama. Da aka ce ya juyo, ya duba ɗinkin, ya bi shi da ido daga sama har ƙasa, ya ce, "Hannunka na da kyau." Bai taɓa gaya wa wani mai wuƙa haka ba.

Ta daɗe ba ta farka ba. Yana zaune a kan benci da kwando a cinya, Fulanin nan da suka yi masa dariya suka dawo suna leƙawa suna tambaya. Can wajen azahar kunnenta ya motsa, ta buɗe ido ɗaya, ta yi wani ɗan kuka kamar ƙorafi. Buzun ne ya fara cewa alhamdu lillahi.

Salla ta zo. Siddiƙu ya je Idi ya dawo, turken rago babu kowa. Balaraba ta share wurin ta ajiye turmi a kai don kada ido ya riƙa sauka. Maƙwabta sun aiko da nama kamar yadda aka saba, wasu da fatan alheri, wasu da 'yar magana a ciki. Abdulwahabu ya kawo cinya guda da kansa, da hanta a ƙunshe daban, ya ce wannan ta Saja ce, kada wani farar hula ya taɓa. Balaraba ce ta yayyanka mata hantar ƙanana, tana yi tana zaginta.

Abin da Abdulwahabu ya hango kuwa bai faɗi ƙasa ba. Akwai gidajen da suka daina kiransa. Wani mai shago ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai sa ɗansa ƙarƙashin askar da mai ita ya guje ta ba. Magana ta kai kunnen Siddiƙu. Sunan Wanzamin Mussa da aka laƙaba masa don tsokana, sai ya riƙa amsawa da "Na'am" mai ƙarfi, har masu tsokanar suka gaji, ya zama suna kawai. Bayan haka kuma, in aka kawo masa mutum da ƙulli, ya murza ya ji ya kafe, ba ya tsayawa kan saiwa. Sai ya ce, "Wanga ba nawa na ba," ya rufe zabira ya raka shi asibiti da ƙafarsa.

Saja ta warke, gashi ya rufe tabon, ta koma duba fareti. Ta ƙara ganin Babbar Salla biyu, a ta biyun har ta saci tsoka daga ragon da Balaraba ta sake kiwatawa. Bayan nan ƙullin ya dawo a ɗaya gefen, numfashinta ya fara sarƙewa. Habila ya duba ya ce ya shiga ƙirji, wuƙa ba ta da sauran aiki. Wani hantsi tana kwance a kan zabira, Siddiƙu yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski, ta miƙe ƙafafu ta yi shiru. Ya ƙarasa askin, don ba a barin kai rabi. Sannan ya haƙa rami a gindin dogonyaron ya rufe ta.

Har tsufansu shi da Abdulwahabu ba su daina gardamar ba. Abdulwahabu ya ce, "Ka gani? Ya dawo. Rago ya tahi, mussa ta tahi." Siddiƙu ya ci gaba da wasa askarsa a kan dutsen nan mai lotsattsen ciki, ya ce, "Salla ukku tac ci nama a hannuna." In ya faɗi haka sai ya ɗaga kai, kamar wanda ke ba da labarin wata babbar riba da ya taɓa ci a kasuwa.

To kai da ka zauna ka ji, ga rago a turke, ga sunan da ka gada, ga mussa kwance a tsakiyar lungu tana kallonka. Wanne za ka saki?